Kujerar Lilo ta Tanƙwararren Itace: Gane Asalinta da Kimanta Darajarta a Birnin Zariya

Kujerar lilo ta tanƙwararren itace, wato kujerar nan da ake kishingiɗa a kanta ana kai da komo bisa dogayen ƙafafu biyu masu siffar baka, wadda sandunan gefenta suka murɗe suka naɗe babu kusurwa ko ɗaya, ba ta cikin kayan zaman da Bazazzagi ya gada kaka da kakanni. Abin da aka sani a zaurukan birnin Zariya da ɗakunan cikin gida shi ne tabarma da buzu da darduma da tumtum, sai gadon ƙasa da na tukurwa, sai kuma kujera 'yar tsuguno wadda masassaƙi ke fitarwa daga gungume guda, babu haɗi babu ƙusa. Saboda haka duk inda aka ci karo da kujerar lilo a cikin ganuwa, ko a turakar dattijon da ya yi aikin En'e, ko a ɗakin ajiya an ɗora mata tsofaffin tabarmi, ko a hannun 'yan gwanjo, baƙuwa ce, kuma akwai tambayoyi uku game da ita waɗanda dillalai kan cuɗanya, wani da gangan wani da rashin sani: yaushe aka yi ta, wace masana'anta ce ta yi ta, kuma nawa ta kai a yau. Amsar ɗaya ba ta ɗauke wa sauran, domin kujera tana iya tsufa ba ta da suna, tana iya yin suna ba ta tsufa ba, tana kuma iya haɗa duka biyun amma gara da mugun gyara sun cinye darajarta.

Matsayin da wannan rubutu ya ɗauka shi ne cewa tambari, wanda kowane mai saye ke gaggawar kifa kujera don ya nema, shi ne mafi raunin shaidun da kujera ke ɗauke da su, jikin itacen kuwa shi ne mafi ƙarfinsu, tunda shi ba a iya yi masa ƙarya cikin sauƙi. Fahimtar dalilin haka tana buƙatar a fara sanin yadda sana'ar ta samo asali.

Mutumin da sunansa ya rufe kayan gaba ɗaya shi ne Michael Thonet, kafinta Bajamushe da aka haifa a 1796 a garin Boppard na bakin kogin Rhine, ya rasu a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1871. Tun cikin shekarun 1830 ya fara gwajin lanƙwasa itace, amma dabararsa ta farko ita ce a yanka katako falle-falle, a dafa fallayen cikin gam, a jera su a matse a mazubi har su bushe da siffar da ake so. Yarima Metternich, wanda ke riƙe da ragamar gwamnatin Ostiriya a lokacin, ya ga kayansa a wani baje koli a Koblenz a 1841, ya kwaɗaita masa ƙaura zuwa Biyana, ya kuwa ƙaura a shekarar da ta biyo baya, sannan a 1853 ya miƙa kamfanin ga 'ya'yansa maza biyar, aka raɗa masa suna Gebrüder Thonet, wato 'Yan'uwa Thonet. Dabarar fallaye tana da aibi guda wanda mutanen wannan yanki za su gane nan take: gam ɗin wancan zamani, da ake dafawa daga fata da ƙashi, ba ya jure zafi da laima, don haka kayan da aka aika ƙasashe masu zafi suka riƙa ɓanɓarewa. Wannan na cikin abubuwan da suka tura shi neman hanyar tanƙwara sanda guda sukutum ba tare da gam ba, kuma a 1856 ya sami takardar gwamnati da ta keɓe masa mallakar fasahar.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma fasahar Thonet ba ta wuce hanyar mayar wa sararren itace da ɗanyantakarsa na ɗan lokaci ba. A tsakanin zaruruwan itace akwai wani sinadari da masana ke kira liginin, wanda ke riƙe su da juna, yana laushi idan zafi da danshi suka haɗu a kansa, ya kuma sake ƙagewa idan ya huce ya bushe. Ana shigar da sandar, bayan an fere ta ta zama mulmulalliya, cikin tukunyar tururi mai zafin tafasasshen ruwa, ta yi sa'o'i a ciki kafin a fito da ita. Nan ne wahalar take, domin duk sandar da aka lanƙwasa cikinta matsewa yake yi, bayanta kuma yana miƙewa, itace kuwa yana jure matsi sosai amma ba ya jure ja sai kaɗan, shi ya sa sanda kan fara tsagewa ta baya. Maganin da Thonet ya samo shi ne a shimfiɗa faifan ƙarfe mara kauri a bayan sandar, a ɗaure shi tamau a bakunanta biyu, ta yadda ƙarfen zai ɗauki jan, itacen kuma ya matse gaba ɗayansa. Ma'aikata su lanƙwasa su tare a kan mazubin ƙarfe cikin 'yan mintoci kafin zafin ya tafi, sannan a kai su ɗakin busarwa a ɗaure har siffar ta zauna. Ya dace a lura da bambancin wannan da bakan gizo na ginin Hausa, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu: a can azarar giginya ba ta lanƙwasuwa, miƙaƙƙun guntaye ne ake jerawa wani ya zarce wani, a ɗaure su, ƙasa ta rufe su ta fitar da bakan, a nan kuwa itacen ne da kansa ya zagaya, zaruruwansa ba su yanke ba daga wannan baki zuwa wancan. Rashin yankewar zaren nan shi ne ƙarfin kujerar, shi ne kuma babban abin da mai tantancewa zai nema.

Da fasahar ta zauna sai kamfanin ya bi itace inda yake, ya kafa masana'antu a dazuzzukan Morabiya, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Cek: ta Koritschan ta fara aiki a 1857, ta Bistritz a 1861, daga baya aka ƙara ta Radomsko a 1881, a yankin da ya zama ƙasar Folan, da ta Frankenberg a Jamus a 1889. A 1859 aka fito da kujera mai lamba 14 ta gidajen shan gahawa, wadda guntayen itace shida ne kacal a jikinta, ana cusa guda 36 a wargaje cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya, kuma kafin 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Kujerar lilo ta farko, mai lamba 1, ta biyo baya a 1860. Mallakar fasahar ta ƙare a 1869, nan da nan wasu kamfanoni suka shigo, mafi shahara a cikinsu Jacob & Josef Kohn da Fischel, sannan Mundus, wanda aka kafa a 1907 ta hanyar haɗe ƙananan masana'antu, ya haɗe da Kohn a 1914, ya kuma haɗe da Thonet a farkon shekarun 1920. Kamfanonin nan sun kwaikwayi samfuran juna ba kunya ba tsoro, don haka siffar kujera kaɗai ba ta isa ta nuna gidan da ta fito ba, kuma kujerar Kohn ta 1890 ba ta gaza ta Thonet ta wannan shekara a ingancin aiki ba.

Tarihin Zariya da kansa yana taƙaita lokutan da kayan nan za su iya shigowa. Turawan Ingila sun mamaye garin a 1902, layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa shi a 1911, aka kuma haɗa shi da na Legas a 1912. Kafin nan kaya a bayan dabbobi da kan 'yan dako suke tafiya, gefen kujerar lilo kuwa, wanda ya kai kamar mita guda kuma ba ya wargajuwa fiye da haka, ba kaya ba ne mai daɗin dako. Jirgin ƙasa ne ya kawo kantunan kamfanoni irin su John Holt, ya kawo Sabon Gari da gidajen ma'aikatan gwamnati, ga kuma 'yan mishan da suka zauna a cikin birni tare da Dokta Miller tun 1905 kafin su koma Wusasa a 1929. Amma a 1914 yaƙi ya ɓarke, Ostiriya da Jamus suka zama abokan gaban Ingila, hanyar cinikin kayansu ta rufe, ke nan ƙofar da sabuwar kujerar Biyana za ta shigo ta cikinta kafin yaƙi ba ta wuce shekara uku a buɗe ba. Ƙofa ta biyu ita ce shekarun 1920 da 1930. Ta uku, wadda ta fi duka faɗi, ta buɗe ne bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, lokacin da Samaru da Kongo suka cika da malamai da likitoci daga ƙasashe da yawa, har da Folan, waɗanda kan yi gwanjon kayan ɗakinsu idan za su koma gida, da kuma lokacin da kuɗin man fetur da na ƙarin albashin Udoji a 1975 suka ba ma'aikata damar sayen kayan ɗaki na waje. Wannan lokaci ya zo daidai da dawowar yayin kujerar a Turai da Amurka, inda masana'antun Folan da Romaniya da Cekoslobakiya da Italiya, daga baya da na Taiwan, suka riƙa fitar da ita da yawan gaske. Abin da hankali zai ɗauka, ke nan, shi ne duk kujerar lilon da aka gani a Zariya ta shekarun 1970 ce har sai jikinta ya nuna akasin haka. Akasin yana yiwuwa, tunda baƙo yana iya zuwa da kujerar kakarsa, amma nauyin kawo hujja yana kan mai cewa ta tsufa.

Binciken yana farawa ne daga itacen. Kusan dukkan kayan masana'antun nan da icen bic aka yi su, wata bishiya ta dazuzzukan Turai wadda ba ta fitowa a ƙasar Hausa, kuma gane ta ba wuya idan aka duba wurin da fenti bai taɓa ba, kamar cikin zoben mazauni ko ƙarƙashin ƙafafu. Launinta fari ne mai ratsin ja kaɗan, jan kuwa tururi ne ke jawo shi. Jikinta sumul yake, babu manyan ƙofofin gashi irin na maɗaci. Kuma a ko'ina akwai wasu ƙananan ɗigo-ɗigo masu duhu, dogaye kaɗan masu tsinin baki biyu, da suka bi tsawon sandar kamar an yayyafa su. Duk wanda ya ga ɗigon nan sau ɗaya ba zai sake ruɗewa ba. Abin da aka fi ruɗa shi da bic shi ne ratan, wani tsiro mai yaɗo na dangin kaba da ke fitowa a dazuzzuka masu yawan ruwa, wanda shi ma ana lanƙwasa shi a yi kujeru. Sai dai ratan ba shi da nauyi, yana da alamar gaɓoɓi, bakinsa idan an yanka cike yake da ƙananan ramuka, kuma yawanci ɗaure mahaɗansa ake yi da zare maimakon noti.

Bayan an san itacen sai a bi zarensa da ido a wurin da lanƙwasar ta fi tsanani, wato cikin naɗin da ke ƙarƙashin mariƙin hannu. Idan tanƙwarar tururi ce, layukan itacen za su zagaya tare da naɗin ba su kauce ba. Idan fallaye aka manna, irin aikin filawud, za a ga ratsi-ratsi a gefen sandar, fari da duhu a jere, kuma sandar za ta kasance mai faɗi maimakon mulmulalliya. Wannan a Zariya alamar aikin baya-bayan nan ce, domin kayan fallaye na Thonet na kafin 1856 a gidajen tarihi suke, ba a kasuwa ba. Idan kuwa kafinta ne ya zana siffar a kan faffaɗan katako ya yanko ta da zarto, layukan za su tafi miƙe abinsu, lanƙwasar ta ratsa su, kuma a daidai inda suka gajarce a nan take karyewa. Irin wannan aikin gida ne, yana da mutuncinsa a matsayin shaidar ƙwazon kafintocin gari, amma ba tanƙwararren itace ba ne, kuma bai halatta a sayar da shi da wannan suna ba.

Akwai wata alama da hannu ya fi ido saurin ganewa. A tsofaffin kujeru masu inganci kaurin sanda ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, domin tun kafin a kai ta tururi ake fere ta yadda za ta yi kauri a inda nauyi ke sauka, ta sirance sannu a hankali zuwa ƙarshen naɗi. Mai shafa ta da tafin hannu zai ji tana cika tana raguwa. A kwaikwayon da aka yi don araha sandar kauri ɗaya take, naɗin kuma a buɗe yake, ba ya shiga ciki sosai, saboda matsatsen naɗi shi ne ke cin ƙwarewa da asarar itace. Inda aka sadar da sanduna biyu, tsohon aiki yana da doguwar yankan gicciye wadda bakunan suka kwanta a kan juna har da ƙyar farce ke jin mahaɗin. Sannan a duba notuna, wato ƙusoshi masu murɗi da ke riƙe da gaɓoɓin kujerar. Na da tsaga ɗaya ce a kansu. Mai tsaga biyu a gicciye, wanda kafintoci ke kira sita, bai shiga kasuwa ba sai tsakiyar shekarun 1930 a Amurka, kuma ya daɗe kafin ya zama ruwan dare a kayan ɗaki na Turai. Mai rami da kusurwa shida kuwa abokin kayan kwali ne da mai saye ke haɗawa da kansa. Amma noti ɗaya ko biyu ba sa yanke hukunci, tunda noti kan ɓace a maye gurbinsa. Abin da ake nema shi ne a kwance guda ɗaya daga wuri ɓoyayye a ga ko ramin nasa ne, ko kuwa akwai tsohon rami a gefensa, da tabon tsatsa da ya fi kan notin faɗi.

Saƙar mazauni da ta majingina da ɓawon ratan ake yin ta, a tsattsage shi siri-siri, a saƙa shi ya bar ramuka masu kusurwa takwas. Saƙar hannu tana ratsa ƙananan huji da aka jera kewaye da zoben, kuma idan aka kifa kujerar za a ga zaren yana fita daga wannan huji yana shiga na kusa da shi. Saƙar inji shimfiɗa guda ce da ake turawa cikin kwari a danne ta da siririn zare mai kauri. Hujin saƙar hannu yana ƙarfafa zaton tsufa, amma kwarin saƙar inji ba ya kore shi gaba ɗaya, domin tun ƙarshen ƙarni na 19 ake da injin. Ita kanta saƙar ba a sa ran ta asali ce, don ratan ba ya kai shekara ɗari ana zama a kansa, balle a ƙasar da ake hunturu.

Sai a nan ne tambari ke da wurin magana. Iri biyu ne: takarda da ake mannawa a cikin zoben mazauni, da hatimin suna da ake bugawa ya nutse cikin itacen. Takarda tana ɓallewa, ƙwari suna cinye ta, ana kuma iya ɓanɓaro ta daga karyayyar kujera a manna wa wata, don haka rashinta ba hujja ba ce, samunta ma ba hujja ba ce sai idan launinta da dattinta sun yi daidai da na itacen da ke kewaye da ita, kuma ba ta hau kan sabon fenti ba. Amfaninta mafi girma ba a sunan kamfani yake ba, a sunan ƙasa yake. Daular Ostiriya da Hangari ta wargaje a 1918, masana'antun Morabiya suka faɗa cikin sabuwar ƙasar Cekoslobakiya, ta Radomsko kuma cikin Folan, saboda haka tambarin da ya ambaci ɗaya daga cikin ƙasashen nan biyu ba zai riga 1918 ba, kuma mai ambaton Cekoslobakiya ba zai wuce ƙarshen 1992 ba, lokacin da ƙasar ta rabu biyu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin gurguzu sun ƙwace masana'antun: ta Bistritz ta koma TON a 1953, ta Radomsko ta zama Fameg, iyalan Thonet kuma suka sake gina ta Frankenberg, inda kamfaninsu yake har yau. Duka ukun suna aiki da tsohuwar hanyar tururi, ma'ana kujerar 1975 tana iya zama tanƙwarar gaske daga masana'antar da Thonet ya kafa ba tare da ta zama tsohuwa ba. A nan ne labarin gida ke da amfani, domin Zazzagawa da zamanin sarakuna suke ƙirga shekaru: idan tsohuwa ta ce tun zamanin Sarki Ibrahim kujerar take a turaka, ana maganar 1924 zuwa 1937 ke nan, wanda ya dace da tambarin Cekoslobakiya da noti mai tsaga ɗaya, idan an ce zamanin Aliyu Ɗan Sidi, 1903 zuwa 1920, alhali tambarin na TON ne, to labarin wata kujerar ake bayarwa, ko an haɗa biyu a baki. Kundin samfuran Thonet na 1904, wanda aka sake bugawa a zamanin nan, yana taimakawa wajen gane lambar samfur idan aka kwatanta adadin naɗi da siffar majingina.

Littattafan Turai da suka yi bayanin kayan nan an rubuta su ne don gidaje masu sanyi da daɓen katako, mai kimantawa a Zariya kuwa dole ya ƙara abin da yanayin garinsa ke yi wa itace. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse danshin itace har ya tsuke a kaurinsa, notuna su saki, kujerar ta fara ƙara idan an zauna, ratan ya bushe ya riƙa karyewa. Da damina kuma itacen ya sake kumbura. Sakin noti ba aibi ba ne mai girma, kuma a nan haɗin noti ya fi haɗin gam dacewa da ƙasar. Aibin da ke rage daraja shi ne tashin zare a bayan matsatsen naɗi, inda itacen ke ɗagowa kamar sartse, da kuma buɗewar lanƙwasa idan kujerar ta taɓa shan ruwa, wanda ake ganewa ta hanyar tsayawa a gabanta a ga ko gefunan biyu sun yi daidai da juna, a kuma tura ta a kan shimfiɗaɗɗen siminti a ga ko tana lilo a wuri ɗaya ko tana tafiya gefe. Ƙasan ƙafafun yakan side ya yi faɗi saboda gugar ƙasa, kuma wannan sidewa shaidar amfani ce ta gaskiya da ke da wuyar ƙirƙira, sai dai idan ta ci sulusin kaurin sandar ƙarfinta ya tafi. Babbar abokiyar gaba ita ce gara. Azarar giginya tana daɗewa a ginin ƙasa saboda gara ba ta sonta, bic kuwa ba shi da wata kariya, kuma kujerar lilo tana kwantar da dogayen sanduna biyu a kan daɓe, wanda hanya ce buɗaɗɗiya. Gara tana cinye ciki ta bar ɓawo, don haka ido ba ya isa, sai an ƙwanƙwasa ƙafafun taki-taki da bayan cokali ana sauraron inda sautin ya koma na holoƙo. Ƙananan huji masu zagaye kuma aikin ƙwaron da ke huda itace ne, kuma ana sanin yana raye idan an ajiye kujerar kwana biyu zuwa uku a kan baƙin ƙyalle aka tarar da farin gari a ƙarƙashinta.

Duk da haka, ɓarnar da gyara ke yi ta fi ta ƙwari yawa. Ana buga ƙusa a inda noti ya saki, busasshen bic kuwa tsagewa yake yi idan an buga masa ƙusa. Ana shafe kujerar da fentin mai don biki, a rufe tambari da ɗigon itacen gaba ɗaya. Ana cire saƙar da ta yage a kafa filawud da soso da leda, a huda zoben mazauni da ƙananan ƙusoshi sama da hamsin. Ana kuma shafa baƙin man mota a ƙafafu don korar gara, wanda ke shiga cikin itacen ya zauna, babu abin da ke fitar da shi. Mafi muni a idon masana shi ne kankare jikin da takardar yashi har ya koma fari, domin launin da shekaru suka dafa ba ya dawowa. Shafen tsofaffin kujeru sau da yawa shalak ne, wani irin ƙaro da wani ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da Tailan, kuma gwajinsa shi ne a ɗiga sifirit a wuri ɓoyayye: shalak zai yi laushi ya yi danƙo, shafen roba na zamani kuwa ba zai motsa ba. Abin da ya dace a yi wa kujerar da ta tsira bai wuce a goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi, a shafa mata kakin zuma, a ɗaure notunan a hankali, a riƙa jiƙa bayan saƙar da ɗanyen tsumma a lokacin hunturu, a kuma nisanta ta da bangon ƙasa da rana ba. Idan saƙar ta mutu a nemi mai saƙa ya bi hujin asali, kuma duk abin da aka cire, ko noti ne ko guntun tsohuwar saƙa, a ajiye shi tare da kujerar.

Game da kuɗi, ya kamata a rage buri. Kujerun nan kayan masana'anta ne da aka yi da yawa, kuma wanda ke tsada a kasuwannin Turai shi ne samfurin da ba a cika samu ba, na farkon zamani, mai shafensa na asali da tabbataccen tambari. Na shekarun 1970 kuwa farashin kujera mai kyau ta hannu yake da shi, ba na kayan tarihi ba. Farashin da ake gani a intanet yawanci abin da mai kaya ya sa ne, ba abin da aka biya ba, kuma ba a cire kuɗin dako da na dillali daga cikinsa ba. Wanda ke tunanin fitar da tsohuwar kujera waje ya sani cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi sai da izininta, saboda haka nuna mata kayan tun da wuri, ko a gidan tarihi na Kaduna ko a Gidan Makama na Kano, ya fi tsayawa gardama a filin jirgi. Inda kimantawar ta fi nauyi a birnin Zariya shi ne wajen rabon gado, domin kujera ba ta rabuwa, sai a yi mata kuɗi ta faɗa rabon wani ko a sayar a raba, kuma cutarwa tana iya zuwa ta fuska biyu: a yi mata kuɗin itacen wuta alhali ta 1920 ce lafiyayya, ko a ɗora wa marayan da ta faɗa rabonsa farashin Biyana alhali ta 1975 ce. Masu yin kuɗin su rubuta irin itacen, da yadda aka tanƙwara shi, da irin notunan, da abin da tambari ya ce idan akwai shi, da aibin da aka gani, da labarin yadda ta shigo gidan tare da sunan wanda ya ba da labarin, sannan su sa farashin da za a iya samun mai biya a Zariya ko Kaduna ko Kano a wannan lokaci, domin da shi ne magada za su iya karɓar haƙƙinsu a hannu.